Ranar da Aka Ce Ba Ni da Uba

Ina aji biyar a Nima, yara suka ce ƙarya nake, ba ni da wani uba a Kumasi, in akwai in yi "prove". Aka tashi, na zauna ni kaɗai. Malamin Turanci ya dawo ɗaukar jakarsa.

Na ce, "Ticha, mene ne bambancin prove da confirm?"

Ya ce, "Prove, ke za ki kawo wa mai shakka shaida. Confirm kuwa, wani ne zai tsaya kusa da ke ya ce haka ne."

Na jira ya ce haka ne. Bai san Baba ba. Ya rufe tagogi ya tafi.

Baba bai taɓa zuwa ba. Yanzu ni ma koyarwa nake, kuma ba na barin yaro shi kaɗai a aji.