Laccar Gishirin Ƙasa

Yarinyar na tsala ihu, uban na jijjiga ta a can baya cikin zauren taron jami'a. Tun rasuwar uwarta ba ta yi barcin kirki ba. Kaka ta yi waƙa, gwaggo ta goya, a banza.

Shugaban sashe ya gama yabon marigayiya, uwar yarinyar, ya sa aka kunna laccarta ta ƙarshe, kan gishirin ƙasar noma.

Muryar na fitowa, yarinya ta yi tsit, ta ɓingire da barci.

Sai uban ya tuna: da ita a goye uwar ke bitar kowace lacca, tana zagaya falo.

Ya ɗaga hannu. "Farfesa, laccocin nan, a ba ni duka."

"Kai ma fannin za ka shiga?"

"A'a. Ɗalibarta ce ke buƙata."