Ranar da Baba Ya Fesa wa Ƙudan Zuma Magani

Warin maganin feshi ne ya tarbe ni tun kafin in kai lambunmu na kankana a fadamar Danchadi. Baba ya riga ya goya tankin feshi, yana fuskantar kogon tsamiyar da ƙudan zuma suke ciki. Da safen nan suka harbi ƙanena Sani, har idonsa ya rufe don kumburi.

Ni kuwa daga makaranta na sheƙo da gudu, littafin Malama a hannuna. A ranar ta karanta mana cewa ƙudan zuma ne ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan, kuma in babu su, kankana ba ta yin 'ya'ya.

"Baba, don Allah tsaya in karanta maka!"

Ya tsaya. Ina aji uku, karatuna bai nuna ba. Na riƙa bin baƙaƙen da yatsa ina in'ina, hawaye na ɗiga a kan shafin, ina komawa farkon layi. Bai katse ni ba ko sau ɗaya. Da na kai ƙarshe, sai ya dafa kaina.

"Ɗiyata, littahin ga naki ya ga idon ƙanenki?"

Ya janye ni gefe, ya fara feshi.

Yanzu ni ke karanta wa yara wannan darasin, kuma ba na in'ina. Amma duk lokacin da na zo layin nan, shirun da lambunmu ya yi a yammacin nan, bayan kukan ƙudan zuman ya ɗauke, nake ji.