Ƙaramin Aiki Ne

Dakta Folasade ta sauka daga acaɓa a Ƙofar Dumi, cikin garin Bauchi, da addu'a ɗaya a ranta: Allah ya sa mai gyaran nan ya kasa.

Aikinta a jami'a shi ne tace ƙirƙire-ƙirƙire kafin a tura Abuja neman shaidar mallaka. Dokar kuwa ba sani ba sabo: in abu ne da kowane mai gyara zai iya tunaninsa, ba sabo ba ne, kowa ya kwaikwaya son ransa. Wani Fakhruddeen Abdulsalam, da ba ta taɓa gani ba, ya aiko da zanen na'ura mai kashe injin burtsatse in ruwa ya ƙafe, har ta tura wa mai gida saƙon waya. Na'urar ta kwanta mata a rai. Amma Folasade tana da hanyarta: ta nemi mai gyara a gari, ta ba shi matsalar, ta ɓoye amsar.

Ɗan acaɓan ne ya zaɓa mata Baffa Mai Rediyo. Ta tarar da shi cikin farar shadda a tsakiyar tarkacen rediyo, bini-bini yana leƙa wayarsa a kan tebur.

"Baffa, injina yana ƙonewa in ruwa ya ƙare. Akwai dabara?"

To, mai gyaran Bauchi bai taɓa ganin aiki mai wuya ba. Ko jirgin sama ka turo masa, amsar ɗaya ce.

"Haba Madam, ƙaramin aiki ne! Ko wanda ya fara koyo jiya ya san wannan."

Ya jawo aljihun tebur, sai ga kayan haɗi a jere kamar jiran ta suke yi. Kafin ta shanye lemon da ya sa aka kawo mata ya gama, har da saƙon wayar da ba ta ambata ba.

"Kowa zai iya?" ta tambaya a sanyaye.

"Kowa! Shiga duk shagon da kika ga dama."

Nan take ta tura wa ofis hukuncinta, wanda ba a janyewa: ba sabon abu ba ne. Tausayin bawan Allahn nan Fakhruddeen ya kama ta. Gara ya ji daga bakinta. Ta nemo lambarsa ta danna.

Wayar kan tebur ta ɗauki ruri. Baffa ya yi wuf ya ɗauka, ya gyara wuyan shadda, baki har kunne.

"Salamu alaikum, Fakhruddeen ke magana!"