Masuncin da Ya Yanke Igiyar Gora

Ka ce ruwa ba na uban kowa ba ne, ko? Gaskiyarka, ɗan'uwa. Amma gyara zama ka ji yadda wani masunci ya yi da nasa rabon.

A wani gari na bakin dam, kifi ya yi wuya, domin ƙasan ruwan fili ne fetal, ba ciyawa ba kututture, babu inda ƙananan kifi za su fake. Sai masuntan garin suka kira gayya. Lokacin sassabe kowa ya jawo rassan bagaruwar da ya sare a gonarsa, mata suka ba da fasassun randuna, aka ɗaure dami-dami da manyan duwatsu, aka nutsar a wurare dabam-dabam. Gidajen kifi ke nan. A kan kowanne aka ɗaura gora da igiya yana lilo a saman ruwa, don kowa ya gani. Ba a biya kowa ba, ba a kuma hana kowa ba, har baƙo. Ladabin wurin ba shi da yawa. Da fatsa ake kamu, ba a jefa ragar birgi a kai. In ka tarar da wani, ka yi masa sallama ka wuce gaba. In ka sami na miya da na kasuwa, ka tashi ka ba na bayanka wuri.

To, akwai wani magidanci a cikinsu. Ba mugu ba ne, shi ma kafaɗarsa ta sha ƙaya ranar gayya. Iyali gare shi da yawa, gonarsa kuwa ba ta fi tafin hannu ba, saboda haka fatsar nan ita ce rumbunsa. Ya lura cewa gidan da ke can ƙetare, daura da wata giginya, ya fi sauran albarka: karfasa manya-manya, tarwaɗa kuwa sai ka gaji da ja. Abin da ke ci masa rai shi ne ya tuƙo tun daga gari, gumi sharkaf, ya tarar wani ya riga shi, dole ya yi sallama ya wuce yana haɗiyar miyau. Wata ranar kasuwa, da ruwa ya yi tsit ba kowa, ya daidaita giginyar da wani dutse na bakin gaɓa, ya riƙe wurin a ransa, ya sa wuƙa ya yanke igiyar. Iska ta tafi da goran. Mutane suka ɗan neme shi, suka ce igiya ce ta ruɓe, suka haƙura. Shekara guda mutumin naka yana cin karensa ba babbaka. Da ya hango kwalekwale sai ya zame gefe, ya yi kamar wucewa yake yi.

Ka san itace a cikin ruwa ba ya dawwama. Kowace shekara sai gayya ta ƙara sababbin rassa, kuma gora take bi, ɗaya bayan ɗaya. Da ranar ta zo, yana cikin kwalekwalen gaba, ƙafarsa a kan dami. Suna isa daura da giginya, dattijon da ke jan gayyar ya tsai da filafili ya ce, "A wajen nan mun taɓa zuba wani. Ko akwai wanda ya riƙe wurin?" A daidai kan gidan kuwa suke. Nuni ɗaya da yatsa ya isa. Amma in ya nuna, za a tambaye shi yadda ya sani, wurin kuma zai koma na kowa. Kunya ta kama shi ta nan, rowa ta kama shi ta can. Ya sunkuyar da kai, aka wuce da rassan.

Ya ce a ransa ai zai iya ƙara wa gidan rassa shi kaɗai. Ina! Aiki ne da wani ke riƙe kwalekwale kada iska ta juya shi, wasu na cicciɓar dami da dutsensa. Dutsen da zai iya ɗagawa shi kaɗai ba ya nutsar da dami, sai rassan su taso su bi ruwa. Da ya gwada babba, saura ƙiris kwalekwalen ya kife da shi. Ana nan ƙugiyarsa ta fara dawowa da baƙin ɓawon itace, karfasa suka yi ƙaura zuwa gidajen da aka gyara, miyar gidansa ta koma lami. Da ido ya raina fata, sai ya nemo sabon gora, ya ɗaura masa dutse, ya mayar da shi wurin da rana tsaka, kowa na kallo. Da gayya ta zagayo, dattijon ya zura doguwar sanda ya lalubi ƙasa, ya ɗago ta ba komai sai laka. Gidan ya riga ya narke. Aka kai rassan inda ke da sauran rai, shi kuma ya bi layi a bayan mutanen da ya ɓoye wa wurin, yana jiran wani ya tashi ya ba shi.

Shi ya sa magabata suka ce: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.