Masu Karatun Rabilu

Kwali na ukku na littafin famfo ya ƙare tun kafin azahar. Rabilu ya shigo buro, wurin aikinshi, yana taku kamar wanda aka naɗa ma rawani.

Ya daɗe da dawowa Tasawa daga Yamai da wani dipulom da ba wanda ya gane kanshi. Wai ya koyi rubuta bayanin yadda ake aiki da inji. Baffanshi ya tambaye shi ko yana iya gyaran injin, ya ce a'a, bayanin kawai. Tun ranar baffan bai sake ɗaga maganar ba.

Sai wani furoje na famfunan ban-ruwa ya ɗauke shi gwaji. Shugabar wurin, Madam Altine, ba ta ɓoye mashi komi ba. Ta ce ita ba ta ga abin da dipulom ke ƙarawa a aikin nan ba. In manoma sun amfana da littafin da zai rubuta, a ba shi kwantara, ya zauna aiki. In ba haka ba, ya san hanyar gida.

Ya rubuta da Hausa, ya sa hotuna, ya kafe sai an buga a takarda mai kauri mai santsi, don a lakwal an koya masu cewa takarda mai kyau ke jawo mai karatu.

Ta ko jawo. Daga Mayahi a aiko neman littafin, daga ƙauyuka a aiko. Yawanci mata, yawanci jajibirin kasuwa. Wata har ta turo ɗan kabu-kabu da saƙon a ƙara ma shafin faɗi. Rabilu ya ce dama shi ma ya lura hotunan sun yi ƙanana. Famfunan dai na ta mutuwa, amma ya ce karatu sai a hankali.

Ranar kasuwar Gidan Amumune ya roƙi Madam ta zo ta ga masu karatunshi da idonta. Ta yarda, ta ce can za ta yanke maganar kwantara.

Suna sauka mota yunwa ta kama ta, ta tsaya wurin wata dattijuwa mai ƙosai. Rabilu ya gyara wuyan riga, ya tambayi tsohuwar ko ta san littafin famfo.

"Kai ne mai shi, ɗana? Allah shi yi maka albarka." Ta yago shafin da ke bayanin haɗa tiyo, ta naɗe ma Madam ƙosanta. "Duk kasuwar nan ba takardar da ke riƙe mai kamar taka."