Rijiyar da Sarki Ya Yaba

Ka ce kai dai fatanka Allah ya ba ku sarki mai kirki, sauran duk mai sauƙi ne. To, kirki abu ne mai kyau, amma saurari wannan.

An yi wani manomi a wani ƙauye da ruwa ke wa wuya. Matan garin sai sun yi tafiyar rabin yini zuwa wani tafki, su ɗebo ruwa ja mai kawo kurkunu. Manomin nan ya shafe rani biyu yana haƙa a bakin gonarsa, ya fasa marmara, a zurfin gaba goma sha biyu ya tarar da farin yashi da ruwa garau. Bai hana kowa ɗiba ba. Ya yi ɗan lambun albasa a gefe, gari ya huta. Wata rana sarkin ƙasar yana dawowa daga rangadi da tsakar rana, ƙishirwa ta kama shi, ya tsaya. Fadawa suka baza riguna suka kare shi, ya sha ƙwarya guda, ya yi hamdala, ya ce, "Kai, ruwan nan da daɗi yake." Ya hau ya wuce. Kafin ya isa gida ya manta.

Fadawa ba su manta ba, don aikinsu ke nan. Bayan kwana bakwai dogarai suka zo suka kewaye rijiyar da shinge, suka yi mata murfi. Aka naɗa wa wani rawani aka ce shi ne sarkin rijiya, aka ba shi jakuna shida masu kai ruwa fada. Wata tsohuwa ta zo da tulunta, dogari ya ce, "Iya, bakinki da na sarki ɗaya ne?" Ta juya. Mata suka koma tafki, albasa ta bushe, kafin kaka kurkunu ya kwantar da mutum tara. Babu wanda ya yi wannan don mugunta. Kowannensu gani yake yana kyautata wa ubangidansa.

Da aka gama girbi manomin ya tafi birni a ƙasa. Kwana uku yana zaune a ƙofar fada kafin a shigar da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne mai rijiyar da ka yaba." Sarki ya ce, "Wace rijiya?" Aka ba shi labari tun daga farko. Sarkin nan mutum ne mai tausayi, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe rijiyar nan fitina ta zame wa talakawana. Da ma ban taɓa ganinta ba." Ya sa aka ba manomin riga mai aiki, ya sallame shi. Bai ce a mayar wa gari da rijiyarsu ba, don a ganinsa wannan ba sai an faɗa ba.

Mai doki ya fi mai ƙafa sauri. Manomin ya kwana biyu a hanya, sanye da sabuwar rigarsa, yana ta shi wa sarki albarka. Da ya iso ya tarar an tuɓe sarkin rijiya, an cire shingen, rijiyar kuma an cike ta da duwatsu da ƙasa, an daddaɓe, don kada idon sarki ya sake sauka a kan abin da ya ɓata masa rai.

Ka ga, sau biyu sarkin nan ya yi magana, duk biyun da zuciya ɗaya, kuma ko sau ɗaya bai ba da umarni a kan rijiyar ba. Ni da kai muna iya yabon ruwa mu wuce, muna iya yin da-na-sani a fili, iska ta kwashe. Shi ba shi da ƙaramar magana, domin akwai mutum ɗari da abincinsu ke rataye a kan gane abin da yake so kafin ya faɗa. Kirkinsa na cikin ƙirjinsa, ikonsa kuwa yana hannuwansu. Shi ya sa Hausawa suka ce, inda baki ya karkata, nan yawu ke zuba.