Sunan Habboba a gefen takardar gishiri

Wata Alhamis ce bayan la'asar, a ƙarshen girbin riɗi, a gidanmu na Gadarif, a ƙasar Sudan. Daga ni sai kakata, wadda kowa ke kira Habboba. Ina da shekara goma.

Tana tsince riɗi a faifai, ni kuma na warware takardar da aka ƙunso mana gishiri daga kasuwa. Shafin wata mujallar Larabci ne. Ta ce in karanta mata, in juya da Hausa.

Labarin wata mata ne a fadar sarkin Japan, shekara kusan dubu da suka wuce. Tana zaune bayan labule, tana rubuta abin da ta gani a fada. Har yau ana karanta littafinta, amma ba wanda ya san sunanta na yanka. Da muƙamin mahaifinta ake kiranta.

Habboba ta ajiye faifan.

"Ke, ya bitti, 'yata, yaya sunana?"

"Habboba."

"Habboba ai kowace tsohuwa ce a Gadarif. Kakanki bai taɓa faɗarsa ba. 'Ya'yana kunya ta hana su. Masu kirana da shi duk sun riga ni. Ɗauko alƙalami."

Ta faɗa a hankali: Rakiya. Na rubuta a gefen shafin, gishiri na maƙale mini a yatsu. Har yanzu nauyin furta shi nake ji.

Da na haifi 'yata ta fari, shi aka raɗa mata. Dangi suka ce a sakaya shi da Ummi, na ƙi. Rakiya ake kiranta, a gida da makaranta.